Rasuwar Mama Nas: ta wace hanya ya kamata mu tuna da ita?

Babbar 'yar Mama

Salama gare ku, iyayena da 'yan'uwana. Da farko ina miƙa godiyar iyalinmu ga duk wanda ya tako ƙafa zuwa Kafanchan, da wanda ya kira waya, da wanda ya aiko da ta'aziyya daga nesa. Mahaifiyarmu, wadda gari ya fi sani da Mama Nas, ta bar mu tana da shekara 89. Fada, wato limamin cocin Katolika, ya zo gida ya shafe ta da mai kwana biyu kafin ta cika, kuma ta cika ne da asuba, da rosarinta a hannu.

Abin da ya sa na kawo magana nan shi ne Misa ta cikar wata ɗaya, wato addu'ar da za a yi mata a coci, tana matsowa, kuma gudummawar da aka tara ta fi yadda muka zata. Ra'ayi ya rabu biyu a cikin gida. Wasu suna so a buga atamfa mai hotonta a yi anko, a dafa abinci a raba wa jama'a, kamar yadda aka saba yi wa dattijuwa mai shekaru irin nata. Wasu kuma suna so a ware kuɗin a biya wa wata yarinya makarantar unguwarzoma da sunanta. Tun da Mama ba tamu kaɗai ba ce, mun ga ya dace mu ji ta bakin waɗanda suka san ta.

Ga waɗanda ba su san asalinta ba: 'yar manomi ce, Sistocin cocin Katolika ne suka ɗauke ta tana yarinya suka sa ta makaranta, a lokacin da mutanen ƙauyensu ke ganin karatun 'ya mace asarar hannu ɗaya ne a gona. A hannunsu ta koyi aikin unguwarzoma, daga baya ta ƙara da na jinya. Ta fara aiki a asibitin mishan tun kafin samun 'yancin kai a 1960, ta koma aikin gwamnati bayan yaƙin basasa ya ƙare a 1970, ta yi ritaya bayan ta cika shekara 35 a bakin aiki. Babanmu ma'aikacin reluwe ne, shi ya sa muka zauna a Kafanchan, inda layukan dogo suka haɗu. Ya riga ta tafiya da shekaru masu yawa, ita ta ƙarasa renon mu bakwai. Kuɗin Udoji, wato ƙarin albashin da aka biya ma'aikatan gwamnati a 1975, da su ta sayi keken ɗinki, kuma da wannan keken ta ɗinka mana kayan makaranta har autanmu ya gama sakandare.

Hajiya maƙwabciya

'Yata, Allah ya ba ku haƙurin wannan rashi, ya albarkaci abin da ta bari. Jikata ce take rubuta mini wannan, ni ina faɗa.

Shekara fiye da talatin katanga ɗaya ce tsakanina da mahaifiyarki. Haihuwata ta huɗu ta zo cikin dare ana ruwan sama, maigida ba ya gari, kuma bayan yaron ya faɗo jini ya ƙi tsayawa. Tsohuwar da ke kaina ta yi abin da ta sani, ta ba ni jiƙo, jinin bai saurara ba. Kishiyata ce ta buga ƙofarku. Mama Nas ta shigo da fitilar ƙwai da 'yar jakarta, ko takalmi babu a ƙafarta. Ta murza mini ciki da ƙarfi har sai da na yi ihu, ta yi mini allura, ta sa aka ɗora mini jaririn a nono, ta zauna a bakin gadon tana taɓa cikin lokaci-lokaci har aka kira assalatu. Da gari ya waye ita ta sa aka nemo mota, ta raka ni asibiti aka yi mini ƙarin jini. Wannan yaron yanzu yana da 'ya'ya biyar.

Mun sha yin sa-in-sa da ita a kan kunun kanwa da wankan jego. Takan ce likitoci a Zariya sun lura mata masu jego da yawa suna zuwa da kumburin jiki da haki, zuciyarsu ta gaza, kuma suna danganta abin da yawan kanwa da zafin ruwa da kwanciya a gadon wuta. Ba ta taɓa cewa al'adarmu jahilci ce ba. Cewa take yi a rage kanwar, a sirka ruwan, kuma in ƙafa ta fara kumbura a kira ta. Da haka ta shawo kan surukata, wadda ba ta jin maganar kowa.

A rikicin watan Maris na 1987, da gari ya ɗauki zafi, a ɗakinta ni da yarana muka kwana biyu. Ta shimfiɗa mini tabarma ta nuna mini gabas, ta hana yaranta shiga ɗakin in ina salla. Ni dai ra'ayina, ku biya wa yarinya makaranta. Atamfa tana koɗewa, ina da irinsu cike da akwati.

Tsohuwar ɗalibarta

Ina yi wa iyali gaisuwa. Ni na yi aiki a ƙarƙashinta shekara tara, kuma ina so in faɗi abin da bakunan masu jawabi suka tsallake a ranar jana'iza. Kowa ya ce tana da tausayi, gaskiya ne, amma mu da muka tsaya a gabanta a ɗakin haihuwa mun san cewa tsananinta ya ceci rayuka fiye da tausayinta.

A zamanin da muka fara, sirinji na gilashi ne, allura ta ƙarfe ce, ana tafasa su a sake amfani da su. Mama tana duba agogo daga lokacin da ruwan ya fara tafasa, kuma in ta kama ki kin sauke tukunyar kafin lokaci, sai ki sake daga farko ko da layin marasa lafiya ya kai ƙofa. Tana duba faratanmu kowace safiya. Na taɓa yin kuka saboda ta sa na sake wanke hannu sau uku a gaban wata mai naƙuda. Sai da na ga jariri na farko da cutar sarƙe-haƙora ta kama sannan na gane abin da take gudu. An haife shi a gida, an yanke cibiyarsa da reza mai datti, an shafa mata toka, bayan kamar mako ɗaya ya daina kama nono, jikinsa ya sandare. A wancan lokacin kaɗan ne daga cikin irin waɗannan jariran suke tashi. Daga nan ta fara bin unguwarzomomin gargajiya gida-gida, tana ba su sabuwar reza da zare mai tsabta, tana roƙonsu su turo masu ciki awo a yi musu allurar rigakafi.

Ta ga abubuwan da matasan ma'aikata sai dai su karanta a littafi. Tana cikin waɗanda suka fita ƙauyuka lokacin da aka yi gangamin lambar agana da ƙyanda daga 1967, da na'urar da mutane ke kira bindigar allura, kuma ta rayu ta ji Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi shelar ƙarewar agana a 1980. A zamanin da Farfesa Olikoye Ransome-Kuti yake ministan lafiya, aka ƙarfafa kiwon lafiya a matakin farko, ita ce take tara mata a gindin mangwaro tana koya musu haɗa ruwan gishiri da sukari don yaro mai gudawa: ruwa mai tsabta cikin kwalbar lemo biyu, gishiri ƙaramin cokali ɗaya a shafe, sukari ƙwaya biyar. Tana sa kowace mace ta haɗa da hannunta ta ɗanɗana. Da annobar sanƙarau ta 1996 ta zo, wadda ta kama mutum sama da dubu 100 a Nijeriya ta kashe fiye da dubu 11, Mama ta riga ta yi ritaya, amma ta ɗauko farin kayanta ta dawo ba tare da an kira ta ba.

Saboda haka ina goyon bayan Hajiya, da sharaɗi ɗaya: duk yarinyar da za a zaɓa, a zaɓe ta don ƙwazonta, kada a ce sai 'yar dangi.

Ɗan Mama na uku

Na gode wa Hajiya da Anti, kuma duk abin da suka faɗa na shaida shi. Amma Yaya, ki yi haƙuri, akwai maganar da na daɗe ina riƙe da ita, kuma ina ganin in ban faɗe ta yanzu ba tunawarmu za ta zama rabi.

Daren da Mama take zaune a bakin gadon wata, akwai yara a gida da ba su da wanda zai zauna a bakin nasu gadon. Ke ce kika goye mu, ke kika dafa, kina da shekara goma sha ɗaya. Ke kika bar makarantar horon malamai na shekara guda da Baba ya rasu, don Mama ba za ta iya barin aikin dare ba. Ban tuna Kirsimetin da muka ci abincin rana da ita daga farko har ƙarshe ba tare da an buga ƙofa ba. Ranar da zazzaɓi ya kayar da ƙanenmu, wanda muka rasa, tana wani ƙauye wajen rigakafi, kafin saƙo ya kai gare ta ta iso, ya riga ya yi nisa. Ba ta taɓa yin maganar wannan rana da mu ba har ta mutu, mu ma ba mu taɓa tambayarta ba.

Ba ina zarginta ba ne, Allah ya sani ina ƙaunarta, kuma ni na yi jinyarta a shekarunta biyu na ƙarshe. Abin da nake cewa shi ne, in za a ce ta sadaukar da rayuwarta, a faɗi gaskiyar cewa akwai waɗanda aka sadaukar da yarintarsu tare da ita, kuma ba a tambaye su ba. Ni ina cikin masu son a yi anko a yi taro, domin sau ɗaya dai ina so mu 'ya'yanta mu zauna a matsayin nata, jama'a su zo wurinmu. Duk rayuwarta mu muke ba da ita ga jama'a.

Malam Katikis

Ɗana, maganarka ta shige ni, kuma ba zan ce maka ka yi shiru ba. Na san mahaifiyarka shekara arba'in a cikin ikilisiya, zan gaya maka abin da na gani, kai ka auna.

Tana cikin waɗanda suka taso ana yin Misa da Latin, Fada ya juya wa jama'a baya. Bayan Babban Taron Batikan na Biyu, wanda aka yi daga 1962 zuwa 1965, aka fara yin Misa da harshen da mutane ke ji, kuma takan ce ranar da ta fara jin kalmomin tsarkakewa da Hausa ta ji kamar an buɗe mata taga. Tana cikin Rundunar Maryamu, ƙungiyar da aka kafa a Dublin a 1921, wadda aikin membobinta shi ne ziyarar marasa lafiya da waɗanda aka manta da su, su biyu-biyu, su dawo su ba da rahoto kowane mako. Tana kuma cikin iyayen Zumuntar Mata Katolika a nan. Da Paparoma John Paul na Biyu ya zo Kaduna a Fabrairun 1982 ya naɗa sababbin firistoci, ta je, amma a rumfar taimakon gaggawa ta wuni tana farfaɗo da waɗanda rana ta kayar.

Abu biyu nake so a sani. Na farko, Ikilisiya ta yarda kowa ya yi wa jaririn da ke bakin mutuwa baftisma in babu Fada, kuma ta yi hakan sau da yawa ga 'ya'yan Kirista da iyayensu suka roƙa, ta zo ta faɗa mini in rubuta. Ba ta taɓa yin haka ga ɗan Musulmi ko na mai bin gargajiya a ɓoye ba, tana cewa amanar da uwa ta ba ta ba abin wasa ba ne. Na biyu, kuma wannan naka ne, ɗana: kowace shekara, a watan da ƙanenku ya rasu, tana zuwa wurina da ambulan ta ba da sunansa a yi masa Misa. Ba ta tsallake ko shekara ɗaya ba, har lokacin da ƙafa ta gaza take aiko jika. Bayan Misar takan zauna a bencin baya har a rufe coci. Shirun da ta yi muku ba mantuwa ba ce.

Game da kuɗin, ba ni da hurumi, na iyali ne. Ko wanne kuka zaɓa, Misar za a yi ta.

Jikar Mama, ma'aikaciyar jinya

Ina gaida iyayena duka. Ni ce na gaji aikin Kaka a cikin jikoki, kuma ina so in ƙara a kan maganar Kawu ta wata fuska.

Dalilin da ya sa ake buga ƙofarta kowane dare shi ne babu wata unguwarzoma mai takarda a kusa. Aikin mutum biyar ta yi ita kaɗai, shi ya sa gidanta ya biya bashin. Bayan duk wannan, ta yi shekaru tana zarya a kan fanshonta, ana kiran ta tantancewa tana tsohuwa mai ciwon gwiwa, ta wuni a layi ta dawo hannu rabbana. Ni na raka ta sau biyu. Yau ma in ma'aikatan jinya suka nemi haƙƙinsu, sai a ce musu ai aikin nan kira ne daga Allah, a kawo misalin irin su Kaka don a rufe mana baki. Cikin waɗanda muka gama makaranta tare, da yawa suna Ingila da Saudiyya yanzu, kuma ban ga laifinsu ba.

Ina goyon bayan a biya wa yarinya makaranta, domin kowace unguwarzoma da aka ƙara tana rage dare ɗaya da wata uwa za ta bar 'ya'yanta. Amma ina roƙo kada a ɗaure yarinyar da cewa dole ta zama kamar Mama Nas. A bar ta ta yi aikinta da kyau, ta karɓi albashinta, ta koma gida wurin iyalinta.

Tsohuwar ɗalibarta

'Yata, kada ki ɗauka kakarki ba ta san haƙƙinta ba. Na ga ranar da ta tsaya gaban wani babba ta ce ba za ta buɗe ɗakin haihuwa ba sai an kawo kananzir da safar hannu, kuma ba ta motsa ba sai da aka kawo. Da aka hana wata ƙaramar ma'aikaciya hutun haihuwa, ita ta rubuta takardar ƙorafi ta sa hannu da sunanta. Inda ta kasa cewa a'a shi ne in mace tana zubar da jini a bakin ƙofarta, kuma ban san wadda ta iya aikin nan da za ta iya cewa a'a a wannan halin ba, ko ke. A sauran maganarki kuwa ina tare da ke, musamman batun fansho, domin ni ma ina cikinsa.

Hajiya maƙwabciya

Ɗana na uku, na ji maganarka, kuma nauyi ya kama ni, domin ina cikin waɗanda suka buga ƙofar. Ban taɓa tunanin wa aka bari a ɗaki a wannan daren ba. Ku yafe mana. In kun yi anko zan saya, zan kuma zo in zauna tare da ku.

Babbar 'yar Mama

Hajiya, babu abin yafewa tsakaninmu. Tuwonki muka ci a dararen da Mama ba ta nan, wataƙila ƙanena ya yi ƙanƙanta ya tuna.

Ƙanena, na karanta abin da ka rubuta sau uku. Gaskiya ka faɗa, kuma na daɗe ina jin ciwon shekarar nan da na rasa a makaranta. Akwai abin da ban gaya muku ba. Wata huɗu kafin ta rasu, ina yi mata tsifa, ta kama hannuna ta ce ta san ta ɗora mini kayan da ya fi ƙarfin wuyana, in yafe mata. Na ce na yafe. Ta tambaye ni ko kai ma za ka yafe, na ce ta tambaye ka da kanta, ta ce tana jin nauyinka domin kai ka fi kama da wanda ya rasu. Laifina ne da ban faɗa maka tun tana raye ba.

Ga abin da nake ba da shawara, in sauran ƙannenmu sun yarda. Mu 'ya'ya da jikoki mu yi ankonmu da kuɗin aljihunmu, mu yi taro a gida bayan Misa, kamar yadda kake so. Gudummawar jama'a kuma a ajiye ta don makarantar yarinya, Anti da Malam Katikis da Hajiya su zaɓo ta, ko Kirista ce ko Musulma.

Akwai kuma wani abu. Da muke kwashe kayanta mun sami littattafai goma sha huɗu a ƙasan akwatin ƙarfe, irin na 'yan makaranta, inda ta rubuta kowace haihuwar da ta karɓa a gidajen mutane: rana, unguwa, sunan uwa, namiji ko mace, da yadda aka ƙare. Inda aka rasa uwa ko jariri ta sa ɗan gicciye, ko kuma ta ja layi a ƙarƙashi in gidan Musulmi ne. Ban san abin da ya kamata mu yi da su ba.

Jikar Mama, ma'aikaciyar jinya

Mama, don Allah kada a ɗauki hotonsu a sa a waya. Sirrin matan mutane ne, wasunsu suna raye, kuma akwai abin da wata ba za ta so 'ya'yanta su gani ba. A ajiye su wurinki a kulle, duk wadda take son ganin nata ta zo da kanta a buɗe mata shafinta kaɗai.

Ɗan Mama na uku

Yaya, na yarda da shawararki a kan kuɗin. Sauran maganar ba ta nan ba ce, zan shigo gida ranar Juma'a da yamma mu zauna. Malam, ina roƙo a haɗa sunan ƙanenmu da nata a Misar cikar watan, kuma daga bana ni zan riƙa kawo ambulan ɗin.

Hajiya maƙwabciya

'Yata, in kin sami sarari ki duba mini littafin shekarar da aka canza kuɗi daga fam zuwa naira, wato 1973, cikin damina. Yaron nan nawa bai taɓa sanin ainihin ranar haihuwarsa ba, abin da ke takardunsa ƙiyasi ne. Zan zo da shi ranar Asabar.